Daga Gungume Zuwa Katako: Tarihin Yin Jirgin Ruwa Tsakanin Kwara da Tafkin Chadi

Tarihin ƙasar Hausa da maƙwabtanta, kamar yadda aka saba rubuta shi, tarihi ne na raƙumi da jaki da doki, domin fatake da ayarin Azbinawa da mayaƙan sarakuna su ne suka fi barin sawu a cikin littattafai, alhali kuwa ƙasar tana zaune ne tsakanin manyan ruwaye biyu, wato Kogin Kwara, wanda ake kira Neja, daga yamma da kudu, da kuma Tafkin Chadi daga gabas, kuma a bakin waɗannan ruwaye akwai wata sana'a da ta girmi kowace masarauta da aka sani a yankin. Sana'ar ita ce yin jirgin ruwa, kuma babu abin da ya juya tarihinta kamar samuwar itace da rashinsa, domin inda manyan itatuwa suke an sassaƙa gungume guda, inda suka yi ƙaranci an ɗinka guntaye da igiya, inda babu su sam an ɗaure ciyawa, sa'annan da katakon inji da ƙusa suka wadata sai fasalin jirgin ya sake baki ɗaya.

Shaida mafi tsufa a kan wannan sana'a ta fito ne daga ƙauyen Dufuna da ke ƙaramar hukumar Fune a Jihar Yobe ta yanzu, kusa da kogin Komadugu Gana, inda a shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani da ke haƙa rijiya ya ci karo da wani baƙin itace mai tauri a zurfin da ya kusa mita 5. Masana kayan tarihi na Jami'ar Maiduguri da na Jami'ar Frankfurt ta Jamus, a ƙarƙashin jagorancin Abubakar Garba da Peter Breunig, sun tone wurin a 1994, suka tarar da kwale-kwale cikakke mai tsawon mita 8.4, faɗinsa kimanin rabin mita, kaurin jikinsa kuma bai wuce santimita 5 ba. Awon kabon, wato hanyar da ake gane shekarun abin da ya taɓa rayuwa ta hanyar auna ragowar wani sinadari da ke raguwa a jikinsa sannu a hankali bayan mutuwarsa, ya nuna cewa jirgin ya kai kimanin shekara 8,000, don haka shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka samu a Afirka, kuma yana cikin ƙalilan mafiya tsufa a duniya. Na garin Pesse a ƙasar Holan ya girme shi, amma bai kai rabin tsawonsa ba. Jirgin Fir'auna Khufu da aka binne a gindin dalarsa a Masar, wanda ake yawan kafa misali da shi, ya zo ne bayan na Dufuna da fiye da shekara 3,000.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin masu binciken shi ne kyan aikin, domin goshin jirgin da bayansa an feƙe su sun yi tsini, jikinsa kuma an rage shi ya yi sirantaka daidai wa daida, a zamanin da ba a san ƙarfe ba, sai gatarin dutse da wuta. Mai koyo ba ya fitar da irin wannan aiki, saboda haka suka fahimci cewa waɗanda suka sassaƙa shi sun gaji sana'ar ne daga wasu da suka riga su da daɗewa. Samun kwale-kwale a ƙasar da yau ake haƙa rijiya don shayar da shanu ba abin mamaki ba ne idan aka tuna cewa a wancan zamani Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa, har gaɓarsa ta kai wani dogon tudun yashi da ya ratsa ta Maiduguri da Bama, wanda har yau ana ganinsa. Jirgin yana ajiye a Damaturu.

Hanyar sassaƙar gungume ba ta sauya sosai ba tun daga lokacin, sai dai ƙarfe ya maye gurbin dutse. Masassaƙi yakan zaɓi itace miƙaƙƙe marar rami, kuma a ƙasashen arewa an fi son maɗaci saboda yana jure ruwa da gara, sai kawo da maje, wani lokaci kuma rimi, wanda ke da sauƙin aiki da rashin nauyi amma ba ya daɗewa. Bayan an kayar da shi ana daidaita gefen da zai zama bakin jirgi da gatari, a fafe cikinsa da gizago, wato ƙaramin gatari mai kwantaccen baki da ake sara da shi zuwa wajen mai riƙe da shi, a wasu wurare kuma ana hura wuta a cikin ramin don ta ci itacen a kankare gawayin. Wahalar aikin tana wajen sanin inda za a tsaya, domin idan jikin ya yi kauri jirgin ya yi nauyin tuƙi, idan ya yi sirantaka kuma rana ta tsaga shi, kuma ma'aunin masassaƙi a nan shi ne hannunsa da kunnensa, yana shafawa yana ƙwanƙwasawa. Amma ko wane irin gwani ne shi, itacen ne ke yanke girman jirgi, kuma wannan iyaka ita ta haifar da ciniki mai tsawo a kan Kwara da Binuwai, inda ake sassaƙa manyan jirage a dazuzzukan kudu a turo su arewa a sayar wa mutanen da ƙasarsu ba ta da irin waɗannan itatuwa.

Can sama kuwa, a tsakiyar Kwara, daga Segu zuwa Jenne da Tumbuktu da Gao, inda kudu ta yi nisa kuma itatuwan Sahel gajeru ne karkatattu, sai aka ɓullo da ɗinki. Mungo Park, ɗan ƙasar Sikotilan da ya isa Segu a 1796, ya bayyana jiragen fito na garin da cewa gungume biyu ne aka fafe aka haɗa su baki da baki, mahaɗin yana tsakiyar jirgi daidai, abin da ya sa suka yi tsawo ƙwarai amma ba faɗi. Bafaranshe René Caillié, wanda ya bi jirgin kaya daga Jenne zuwa Kabara, tashar ruwan Tumbuktu, a 1828, ya ga abin da ya fi wannan girma, wato jirage masu tsawon kusan mita 30 da ke ɗaukar kaya tan 60 ko fiye, waɗanda aka haɗa da allunan itace da aka huda gefensu aka ɗinke da igiyar kaba, aka toshe kafofin da dakakkiyar ciyawa da laka, babu ƙusa ko ɗaya a jikinsu. Irin wannan jirgi ba ya rabuwa da yoyo, shi ya sa ake barin fili a tsakiyarsa inda mutane ke tsayawa suna kwalfe ruwa dare da rana. Duk da haka yana da wata fa'ida da mai kallo daga waje ba zai lura da ita ba, domin ɗinki yana ba jikin jirgi damar lanƙwasawa idan ya hau yashi, kuma allon da ya ruɓe ana kwance shi a sa wani ba tare da an rasa sauran ba, a ƙasar da kowane allo dukiya ne.

A kan irin waɗannan jirage daular Songhai ta tsaya. Sorko, wato masunta kuma mafarautan dorina na kogin, su ne suka riƙe jirage da tuƙi, kuma Sonni Ali, wanda ya yi mulki daga 1464 zuwa 1492, ya dogara da su wajen kai mayaƙa da abinci lokacin da ya ci Tumbuktu da kuma lokacin da ya yi wa Jenne ƙawanya, har ya kai ga fara haƙa magudanar ruwa daga Ras el-Ma da nufin kai jirage Walata, aikin da ya bari bai gama ba. Shugaban rundunar ruwa, mai sarautar Hi-koi, yana cikin manyan fadar Gao. Wannan tarihi ya taɓa ƙasar Hausa ta Kabi da Yawuri, inda Sarkawa suke, masunta masu jin Hausa waɗanda masana da dama ke danganta asalinsu da Sorko, kuma labaran baka na Kabi suna cewa Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga Songhai a farkon ƙarni na 16 ya kafa birnin Surame, yana da wani babban jirgi da aka lulluɓe da tagulla wanda yake shiga idan gulbi ya kawo. Ko labarin ya yi ƙari, yana nuna cewa a fadamar Kabi jirgi kayan sarauta ne kamar doki. Ƙasa da nan, a ƙasar Nufe, Kede ne suka mallaki kogin, suna da sarkinsu mai laƙabin Kuta a Muregi, inda Kogin Kaduna ya haɗu da Kwara, suna karɓar kuɗin fito da na dako; 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, da suka gangara kogin daga Busa zuwa teku a 1830, sun sha wuyar samun jirgi mai lafiya, kuma sai da suka bi ta hannun Sarkin Ruwa a tsibirin da ke fuskantar Raba.

A Tafkin Chadi amsar ta bambanta, domin Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina, suna zaune ne a tsibirai masu yashi inda abin da ya wadata shi ne wata doguwar ciyawar ruwa mai kama da kara, wadda littattafai ke kira fafirus. Suna yankan ta su ɗaure dami-dami da igiya, su haɗa damman su matse, goshin ya tashi sama ya lanƙwashe, bayan kuma a yanke shi a miƙe, sai a sami jirgin da suke kira kadai. Ba ya nutsewa ko da ruwa ya hau kansa, tun da jikinsa duka mai yawo ne a kan ruwa, amma ciyawar tana shan ruwa a hankali har ta yi nauyi ta ruɓe, don haka rayuwarsa ta watanni ce, kuma mai shi ya san zai sake ɗaura wani. Kotoko na kogunan Logon da Shari kuwa ɗinkin alluna suke yi irin na tsakiyar Kwara. Mafi sauƙin duka shi ne gora, babban duma da masunci ke kifa cikinsa a kai yana iyo, homa a hannunsa, yana jefa abin da ya kama a ciki, kuma har yau da shi ake shiga kogin Matan Fada a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934.

Baƙin da suka zo da burin ratsa waɗannan ruwaye da jirgin kansu sun bar labarai da suka cancanci a tsaya a kansu, domin kowannensu ya gwada ilmin da ya zo da shi da na mutanen wurin. Park ya dawo a 1805 da ayarin da zazzaɓi da atuni suka kusa ƙarar da shi kafin ya kai kogin, kuma a Sansanding abin da ya samu daga Sarkin Segu Mansong jirage ne da rabinsu ya ruɓe. Shi da soja guda suka cire ruɓaɓɓen suka haɗa masu kyan, cikin kwana 18 suka fitar da jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi, tsawonsa kimanin mita 12, faɗinsa kusan mita 2, ya sa masa suna Joliba, wato sunan kogin a bakin Mandinka. Dabarar haɗin ta mutanen Segu ce, wadda ya gani shekara tara kafin nan. Jirgin ya yi aikinsa, ya ɗauke su fiye da kilomita 1,500, ya wuce Kabara da Gao har Yawuri, inda jagoransu Amadi Fatuma ya sauka. Abin da ya ci Park shi ne ƙin tsayawa ya gaida sarakunan bakin kogi ya biya abin da aka saba biya, da harbin duk wanda ya matso, sa'annan da rashin sanin duwatsun Busa, inda ya halaka a farkon 1806.

Ayarin James Richardson da Heinrich Barth da Adolf Overweg, wanda ya tashi daga Tarabulus a 1850, ya ɗauki wata hanyar, domin an ƙera musu jirgin katako a tsibirin Malta, aka raba shi gida huɗu aka ɗora wa raƙuma, aka ratsa Sahara da shi ta Murzuk da Ghat da Azbin har Kukawa, fadar Shehu Umar na Borno. A 1851 aka haɗa shi a bakin tafki aka sa masa suna Lord Palmerston, Overweg ya yi makonni yana zagaya tsibiran Buduma da shi, ya kuma rasu a ƙauyen Maduwari a shekarar da ta biyo. Wahalar da aka sha ta jan katako a hamada zuwa tafkin da mutanensa ke da jiragensu tun fil azal tana da ban dariya, amma tana da dalili, tun da a lokacin Buduma da Barebari ba sa ga maciji, kuma baƙon Shehu ba zai sami jirgin haya cikin sauƙi ba.

Bayan fiye da ƙarni guda sai al'amarin ya juya, aka zo neman gwanintar tafkin daga Turai. Thor Heyerdahl, ɗan ƙasar Norwe, yana son ya nuna cewa jirgin ciyawa irin wanda aka zana a kaburburan Masar zai iya ƙetare Tekun Atilantika, kuma da ya nemi waɗanda har yanzu suka iya ɗaurin sai ya same su a Bol, a gaɓar Chadi. A 1969 ya kai su Masar, aka kawo fafirus daga Tafkin Tana na Habasha, suka ɗaura jirgi mai tsawon kimanin mita 15 a bayan dalar Giza, aka kira shi Ra. Masu ɗaurin ba su saba yin jirgi mai tasasshen baya ba, Heyerdahl ya matsa aka ƙara masa don ya dace da zanen Masar, aka kuma yi watsi da wata igiya da a zanen take riƙe bayan da tsakiyar jirgi, saboda ba a gane amfaninta ba. Jirgin ya tashi daga Safi a Maroko a watan Mayu, ɗaya daga cikin mutanen Chadin, Abdullahi Jibrin, yana cikin matuƙansa, ya yi tafiyar kusan kilomita 5,000 kafin bayan nan da aka ƙara ya nutse, aka bar shi a teku a watan Yuli. Ra na biyu, wanda mutanen Aymara na Tafkin Titikaka suka ɗaura a 1970, ya isa Barbados cikin kwana 57. An yi ta ɗora laifin na farko a kan aikin Chadi, amma adalci shi ne a ce ɓangaren da ya karye shi ne wanda ba nasu ba.

Ita wannan gwaninta ba a makaranta ake samun ta ba. A garuruwan bakin ruwa yaro yana fara riƙe filafili, wato itacen tuƙi mai faffaɗan baki, tun bai kai shiga makarantar allo sosai ba, kuma kamar yadda yaran tudu ke yin mota da karan dawa, na bakin kogi jirgi suke yi da kara ko ɓawon itace ko gwangwani su sake shi a ruwa, inda nan take suke ganin wanda ya kife da wanda ya tafi daidai. Wanda ya fito daga gidan sassaƙa yakan wuce daga nan zuwa miƙa kayan aiki da toshe kafa da gyaran tsohon jirgi, kuma sai ya daɗe a gyara kafin a bar shi ya taɓa sabon itace, domin gungume guda da aka ɓata hasarar shekaru ce.

Ƙarni na 20 ya rushe wannan tsari ta fuskoki da dama. Jiragen tururi sun fara shiga Kwara tun 1832 da tafiyar Macgregor Laird, amma abin da ya rage darajar kogin a matsayin hanyar fatauci shi ne jirgin ƙasa, wanda ya isa Kano a 1911, sai kuma motoci. Manyan itatuwan bakin kogi sun ƙare da sara da noma, katakon inji daga kudu ya zama shi ne abin samu, sai masu sana'ar suka koma haɗa jirgi da alluna da ƙusa, suna toshe mahaɗi da tsumma da kwalta, a Mopti ta ƙasar Mali kuma da man kaɗanya, inda maƙera ke ƙera ƙusoshin daga tsofaffin ƙarafa. Madatsar Kainji, da aka gama a 1968, ta nutsar da tsohuwar Busa da duwatsun da suka ci Park, ta tayar da mutane fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawan tsibiran Yawuri, ta kuma mayar da kogi mai gudu tafki mai faɗi da igiyar ruwa, wanda ƙaramin kwale-kwalen gungume ba zai iya da shi ba. A Chadi kuma tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, kadai ya ja baya, jirgin katako mai inji ya karɓi wurinsa.

Katako da ƙusa sun cire iyakar da itace ya sa tun zamanin Dufuna, domin yanzu ana iya yin jirgi ya kai duk tsawon da mai kuɗi ya nema, a ɗaura masa injin Yamaha a baya, ya ɗauki mutane fiye da ɗari da buhuna da babura ranar kasuwa. Sai dai ƙusa tana tsatsa a ɓoye, allo yana ruɓewa daga ciki, gudun inji yana dukan jikin jirgi da ƙarfin da filafili bai taɓa yi ba, kuma a ƙarƙashin Tafkin Kainji akwai kututturan itatuwan da ruwa ya rufe. A watan Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja zuwa Warra a Jihar Kebbi ya tsage a tsakiyar ruwa da mutane fiye da 150 a ciki, kaɗan ne suka tsira. A ƙarshen Nuwamban shekarar wani ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. A Yunin 2023 kuma fiye da mutum 100 da ke dawowa daga biki suka rasu a yankin Patigi na Jihar Kwara. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, tana hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima, tana kuma wajabta rigar kariya, gwamnatoci kuma sun fara raba jiragen faiba, wato waɗanda ake zubawa a masana'anta da zaren gilashi da danƙo. Waɗannan ba sa ruɓewa, amma suna da tsada, kuma idan suka fashe gyaransu yana bukatar sinadaran da babu su a ƙauyen bakin kogi, shi ya sa har yanzu mafi yawan fito da su da dakon kasuwa daga Yawuri zuwa Lokoja a jirgin katako ake yin su, wanda aka haɗa a gaɓar da zai yi aiki kuma mai gyaransa yana nan kusa.